Ɗakin Uwa da Gonar Uba: Mata, Nasaba da Dukiya a Tarihin Ƙasar Gaya



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne aikin mata da ƙarfinsu a cikin al'ummomin da ke bin nasaba ta wajen uwa, watau inda ɗa yake zama na dangin mahaifiyarsa, ya gaji kawunsa maimakon ubansa. An kuma nemi in dubi al'amarin daga gabashin Kano, ƙasar Gaya da Ajingi. Mai sauraro zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ai Bahaushe ta wajen uba yake lissafin asalinsa, gidan uba yake gada, sunan uba yake amsawa. Haka ne. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin 'yan boko, cewa wai a zamanin da Hausawa ma dangin uwa suke bi, mata na da mulki da dukiya, sa'an nan daga baya aka ƙwace. Akwai kuma masu tsara ayyukan raya ƙasa da suke ganin duk inda ake bin dangin uwa, to, mata sun sami 'yancin aiki ke nan. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa shi da tarihin Gaya, shi ne ɓangaren da ake lissafa nasaba bai kai muhimmancin wata tambaya ba: a hannun wa gona da gida da jari suke?

Bari mu fara da inda ake bin dangin uwa na haƙiƙa. A shekarar 1352 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Walata, a bakin hamada, ya tarar da Musulmi masu tsare salla, amma mutum yana jingina kansa ga kawunsa, kuma 'ya'yan 'yar'uwarsa ne magadansa. Abin ya ɗaure masa kai, har ma ya ba shi haushi. Wasu sassan Buzaye, musamman na Ahaggar, sun riƙe gadon sarauta ta wajen uwa har zuwan Faransa, kuma mace ce mai tanti a wurinsu. A Nijeriya akwai Lunguda a tsakanin Adamawa da Gombe, akwai mutanen Ohafia a cikin Ibo. Amma waɗanda kakanninmu suka fi sani su ne Asante. Fataken goro na ƙasar Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun yi ta safara zuwa Gwanja, suna sauka a Salaga, daga baya har Kumasi, sun ga ƙasar da uwar sarauta ce take nuna wanda za a naɗa, inda mata suke riƙe da cinikin abinci na babbar kasuwa, kowane irin kaya da shugabarsa. A can ne Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja ragamar yaƙi da Ingilishi a 1900.

Masana tattalin arziki na wannan zamani sun gwada auna abin. A wani bincike da aka buga a 2009, Gneezy da Leonard da List sun ba mutane zaɓi tsakanin yin wasa a biya su gwargwadon ƙoƙarinsu, ko yin gasa da wani a ba wanda ya ci lada mai yawa. A cikin Masai na Tanzaniya, masu bin uba, rabin maza sun zaɓi gasa, mata kuwa kashi 26 cikin ɗari. A cikin Khasi na Indiya, masu bin uwa, kashi 54 na mata ne suka zaɓi gasa, maza kashi 39. Wannan ya nuna cewa abin da muke kira halin mace, da yawansa tarbiyya ce. To, amma kada mu yi saurin tafi. Tun 1950 Audrey Richards, wadda ta zauna da Bemba a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu, ta nuna cewa a irin waɗannan al'ummomi nasaba ce take bi ta mace, iko kuwa yana hannun namiji, watau ɗan'uwanta. Matar aure takan yi hasara babba ranar da mijinta ya mutu, domin dangin uwarsa za su zo su kwashe gonar kokon da ta yi shekaru tana yi wa aiki. Wannan ne ya sa gwamnatin Ghana ta kafa dokar gado a 1985 domin ba matar mamaci da 'ya'yansa kaso.

Yanzu mu dawo gida. Hujjar masu cewa Hausawa sun taɓa bin dangin uwa ta dogara ne galibi a kan labarin Daura: jerin sarauniyoyi har zuwa Daurama, sa'an nan Bayajidda ya zo, mulki ya koma ga 'ya'ya maza. H. R. Palmer da waɗanda suka bi sahunsa sun fassara wannan da cewa juyi ne daga bin uwa zuwa bin uba. Suna ƙarawa da sarautun mata da suka wanzu, irin su Magajiya a Daura, Inna a Gobir, Iya a Katsina da Maraɗi, da kuma Amina ta Zazzau. Duk waɗannan suna tabbatar da cewa mata sun riƙe muƙamai masu nauyi. Ba su tabbatar da cewa talaka ya taɓa gadon kawunsa ba. Abu biyu ne daban. Ingila ta yi sarauniyoyi, ba ta taɓa bin dangin uwa ba. Daɗin daɗawa, Maguzawan ƙasar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a 1938 zuwa 1939, kuma waɗanda ake ɗauka sun fi kowa riƙe al'adun da, ta wajen uba suke bin dangi da tsafin gida.

Wasu sukan kawo hujja daga harshe. Suna cewa dubi yadda muke kiran makusanci ɗan'uwa, abokin gaba kuwa ɗan uba, har muna da kalmar 'yan'ubanci. Hujja ce mai daɗin ji, amma tushenta a fili yake: gidan mata da yawa. 'Yan ɗaki ɗaya tukunya ɗaya suke ci, 'yan uba kuwa gona ɗaya suke jira a raba. Ƙauna tana wajen uwa ne daidai saboda dukiyar da ake rigima a kanta tana wajen uba.

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Abagayawa na birnin Kano suna riƙe da labarin cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya neman tama ya zauna a gindin Dala. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Agalfati, ɗan Sarkin Macina, a matsayin Sarkin Gaya a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463. Wani abin lura game da wannan littafi shi ne kusan kowane sarki sai an faɗi sunan mahaifiyarsa. Marubucin ya san abin da yake yi. A gidan da 'ya'yan sarki suke da yawa, abin da yake bambanta wannan ɗan sarki da wancan shi ne ɗakin da ya fito da mutanen da ke bayan wannan ɗaki. Haka Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa, ta yi ƙarfi a zamanin ɗanta Abdullahi da jikanta Kisoke, ita da ɗan'uwanta Guli. Kuma wannan Rumfa ɗin, 1463 zuwa 1499, shi littafin ya ce ya fara kulle. Ashe ke nan kulle da ikon uwar sarki a gida ɗaya suka tashi.

Labarin da ya fi shafarmu ya faru a zamanin Sarkin Kano Dadi, 1670 zuwa 1703. Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku. Dadi ya yaudare shi da kiran sulhu, ya kashe shi. Da littafin ya zo gabatar da Farin Dutse, da 'yarsa ya gabatar da shi, ya ce shi ne mahaifin Mariyama. Sa'an nan da ya zo kan Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, sai ya ce sunan uwarsa Mariyama, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a Kano. Da ya zo kan Yaji ɗan Dadi, 1753 zuwa 1768, ya sake cewa uwarsa Mariyama. Masana tarihin Kano suna ɗaukar ita ce dai 'yar Farin Dutse.

Ku tsaya ku lissafa tare da ni. Sharefa ɗanta ne. Kumbari, da ya gaje shi a 1731, jikanta ne. Alhaji Kabe, 1743, ɗan jikanta ne. Yaji ɗanta ne. Babba Zaki da Dauda Abasama da Muhammadu Alwali, 'ya'yan Yaji, jikokinta ne. Sarakuna bakwai ke nan a jere, shekara ɗari da 'yan kai, daga 1703 har jihadi ya kawar da Alwali aka kashe shi a Burumburum a 1807, duka daga cikin mace ɗaya 'yar Gaya, wadda mijinta ya kashe ubanta. Abin da Farin Dutse ya kasa samu da tawaye, jikokinsa sun same shi ta ɗakin 'yarsa.

In ana neman ƙarfin dangin uwa a tarihin Hausa, to, ga shi nan a fili. Amma wa ya ci moriyarsa? Littafin bai ce matan Gaya sun yi ƙarfi ba, mutanen Gaya ya ce, kuma ga yadda fada take, kawunnan sarki da baransu ake nufi. Ita Mariyama sunanta kawai aka bar mana. Ɗanta Sharefa kuwa, a cikin haraji iri bakwai da littafin ya ce ya ƙaga kuma ya kira su zalunci, har da harajin da ake karɓa a kan budurwa in za a aurar da ita. Daidai abin da Richards ta gani a Bemba: hanya ta bi ta mace, kaya sun sauka a hannun maza.

To, a ina macen karkara ta sami abin hannunta? A mazari. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar take sayarwa waje a shekara sun kai wuri 300,000,000 a ƙalla. Mukan yaba wa masaƙa da marina da mabuga da fatake. Mukan manta cewa babu ƙyalle ɗaya da ya hau masaƙa sai da mace ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta ta zama zare ko abawa, kuma sai mata da dama sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya sami na aiki. Wannan zare na mai kaɗa shi ne. Shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya ta raba dukiyar mata da ta miji: ci da sha da tufa da wurin kwana suna wuyansa, abin da ta samu da sana'arta nata ne, sadakinta nata ne. Saboda haka ake ganin abin da yake ba baƙi mamaki, miji ya sayi fura ko ƙosai a hannun matarsa ya biya, ko ya ci bashinta a lokacin bazara ta bi shi da kaka. Macen Asante ta sami kasuwa ta hanyar danginta, Bahaushiya ta sami jakarta ta hanyar shari'a.

Aikin gona labarinsa daban ne, kuma a nan ya kamata masu auna ci gaban mata da yawan fitarsu aiki su yi hattara. A ƙarni na 19 matan da ake gani a gona da fartanya, galibinsu bayi ne ko matan matalauta ko Maguzawa. Bamagujiya tana noma a gandun mijinta, tana noma gayaunarta, tana ciyar da kanta da 'ya'yanta wani sashe na shekara. Da Turawa suka ci Kano a 1903, bauta ta fara mutuwa a hankali har aka haramta ta ɗungum a 1936, abu na farko da 'yantattun mata da yawa suka yi shi ne ajiye fartanya. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta shaidi wannan zamani a ƙasar Zazzau, kuma M. G. Smith ya danganta yaɗuwar kulle a ƙauyuka da wannan dalili. A idon waɗannan mata, shiga gida ɗaukaka ce. Ma'aikacin ƙididdiga da zai zo ya rubuta cewa aikin mata ya ragu, lissafinsa daidai ne, fahimtarsa ce ta karkace.

Kuma ba su zauna hannu rabbana ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, ƙasar gabas mai jigawa ta shiga nomanta gadan-gadan, mata suka kama matsar mai da ƙuliƙuli. Ga daddawa, ga dakau da surfe, ga saƙar faifai da tabarma, ga kiwon awaki da tumaki, ga sayen hatsi da kaka a ɓoye a sayar da bazara. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina sa'an nan a Ɗorayi kusa da Kano, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, ta nuna cewa hada-hadar da ke gudana daga gida zuwa gida tana gogayya da ta kasuwa. Ƙafafun wannan ciniki yara ne masu talla, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a birnin Kano a shekarun 1970. Bankinsa adashi ne da biki, ma'ajiyarsa kuwa jeren kwanoni da tasoshi a ɗaki, waɗanda uwa take tarawa domin 'yarta. Ga wata hanya ta gado daga mace zuwa mace, a tsakiyar al'ummar da ke bin uba. Duk wanda ya san gidajen Kademi ko Toranke ko Balare ya san abin da nake faɗa.

Sai dai dukiya ce mai saurin narkewa. Zaren kanti da masaƙun zamani, tun daga na Kaduna da ya fara aiki a 1957, sun kashe kaɗi. Injin niƙa ya ɗauke wa matalautan mata ladan daka. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya matsar mai na tsawon lokaci. Da shirin ilimin firamare na kowa da kowa ya zo a 1976, sai ya zama makaranta da talla suna jan yarinya ɗaya, uwa kuwa ta san in ta saki 'yar talla jarinta ya tsaya. Duk wanda ya ɗauki wannan jahilci ne tsagwaronsa bai yi lissafin ɗakin ba. Abin da ba ya narkewa shi ne ƙasa, kuma a nan ne aka yi wa mata rauni mafi girma.

Shari'a ta ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Amma a shekarar 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa matan da suka gaji gida suna ƙin zaman aure suna shiga karuwanci. Wannan hukunci ya hau kan dukan ƙasar Kano, har da gundumomin gabas, ya yi shekara 31 yana aiki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, bisa hujjar rage wa tsofaffin mata marasa galihu talauci. Steven Pierce ya bi diddigin wannan a wata maƙala ta 2003. Ku lura da hujjojin biyu. Na farko ya ji tsoron macen da ke da wurin zama nata, na biyu ya ji tausayin macen da ba ta da shi. Dukansu sun gane abu ɗaya, cewa gida da gona su ne suke ba mace damar cewa a'a. Babu wanda ya taɓa tsarin nasaba a 1923 ko a 1954, ana bin uba kafin nan, ana bin uba bayan nan, amma matsayin mata ya faɗi ya tashi da alƙalamin sarki.

Shekara 31 tsara guda ce cur. Gonakin da aka raba a cikinta ba a sake raba su ba, suna hannun jikokin 'yan'uwa maza. Kuma ko bayan an soke hukuncin, al'adar ta saura: a ce wa mace ta bar wa yayanta gonar ya riƙa noma mata, ko a yi mata kuɗi a ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, ita kuma ta yi shiru domin gidan yayan nan ne mafakarta ranar da aure ya mutu. Kunya ce da lissafi a haɗe.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gaya tana da mutum wajen 200,000, Ajingi wajen 170,000, kuma tun 2024 su biyun tare da Albasu su ne masarautar Gaya mai daraja ta biyu. Kusan rabin waɗannan mutane mata ne, mafi yawansu kuma suna da sana'a. Ku da kuke ma'aikata, takardunku ne suke yanke ko za a gan su. In mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida aikin matarsa, amsar da zai samu ita ce ba ta aikin komai, alhali ƙamshin man gyaɗarta yana dukan hancinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar shaidar riƙon gona a karkara, kuma babu inda ta ce sai namiji. In alƙali ya raba gado ya fitar wa mace kasonta, amma dagaci da ma'aikacin ƙasa suka rubuta gonar duka da sunan babban wa, to, an maimaita hukuncin 1923 ba tare da sarki ya yi umarni ba. Ranar da ta je neman rancen noma ko rabon taki, sunan da ke kan takarda shi za a kira.